Bishiyar da Goggo Ba Ta Sayar Ba

Goggo ta rasu ranar wata Laraba da hantsi, a farkon bazara, lokacin da ɗorawa ta fitar da tutu, jajayen furanninta suna reto a kowace gona. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, ita ma ta koma. Yayar mahaifina ce, ita ce babba a ɗakinsu, kuma ita kaɗai ta rage a garinmu da ke iya tsawata wa Baba a gaban mutane ya sunkuyar da kai.

Kafin la'asar gida ya cika. Dangin marigayi mijinta suka zo daga Zakirai mota guda, matan da ke sarar daddawa a hannunta suka zo daga Rimin Gado. Wata maƙwabciyarmu ta shigo tana kuka tana cewa, "Shi ke nan, miya ta mutu a garin nan!" Mata suka yi dariya da hawaye a fuskokinsu, don kowa ya san gaskiya ta faɗa. Baba yana zaune a zaure yana karɓar gaisuwa. Duk wanda ya ce masa "Ya haƙuri?" sai ya ce "Da godiya," bai ƙara komai a kai ba har aka kira magariba.

Washegari wani tsoho ya zo a kan keke. Tsohon mai gadin jami'ar da ke kusa da mu ne, ya daɗe da yin ritaya, kuma babu wanda Goggo ta fi yin faɗa da shi a duniya. Ya jingine kekensa, ya zauna, aka yi addu'a aka shafa. Sai ya dubi Baba ya ce, "To Malam, bana wa zai shiga wa ɗorawa?"

Baffa, ƙanin Baba, ya zabura. "Haba Malam! Ko ƙasar kabarin ba ta bushe ba."

Tsohon bai ji haushi ba. Ya ce, "Ku yi haƙuri. Na dai san da za ta tashi yanzu, abin da za ta fara tambaya ke nan."

Sai aka juyo ana kallona, domin ni ne na yi shekaru ina goya ta a babur zuwa wajen wannan bishiya. Saboda wannan tambaya nake rubutun nan. Wanda bai san labarin ɗorawar ba bai san Goggo ba.

Inda jami'ar take a yau, gonakinmu ne da tsohon garinmu. Da kakana ya rasu aka zo rabon gado, maza suka ɗauki gona, aka bar wa Goggo ɗorawar da ke tsakiyarta. Haka ake yi a wajenmu. Ƙasa ta wani ce, bishiyar da ke kanta ta wani, kuma mai gona ba ya taɓa ko ɗa ɗaya sai da izinin mai bishiya. Kakana ne ya tsinci ɗorawar tana 'yar tsiro a bakin kunyar gona, ya kewaye ta da ƙaya don kada awaki su cinye ta, ya raine ta har ta fi rumbu tsawo. Da gwamnati ta zo karɓar filin, aka biya diyya, aka tashe mu zuwa inda muke yanzu. Maza suka karɓi tasu. Da aka zo kan bishiya, Goggo ta naɗe hannu a cikin mayafi.

"Gona ta maza ce, sun sayar," in ji ta. "Ni ban sayar ba."

Ma'aikacin gwamnatin ya yi ta lallashi, ya gaji, ya ce to Hajiya, ki riƙa zuwa kina ɗibar abinki. Da baki ya faɗa ya shiga motarsa. A kan wannan magana Goggo ta tsaya har ƙarshen ranta.

Sai Allah ya yi ikonsa, aka gina babban ɗakin taron jami'a dab da ɗorawar. Duk wani babban baƙo da zai zo, a ƙarƙashin inuwarta motarsa ke tsayawa. Goggo ba ta taɓa shiga aji ba, amma in ana lissafin waɗanda suka ga manyan baƙin jami'ar tun daga farkonta, ban san wanda zai sha gabanta ba. Kaka da damina ma takan je, wai duba lafiyar bishiya. In ta dawo, mata su kewaye ta a tsakar gida tana ɓarzar kalwa, wato 'ya'yan ɗorawar da ake daddawa da su, tana ba su labari.

Ba ta riƙe sunan kowa. Akwai "Mai Tumbi," akwai "Sojan da Ba Ya Dariya," akwai "Yarinyar Talabijin." Kuma kashi biyu take raba su: masu ɗaga kai da marasa ɗaga kai. In mutum ya fito daga mota ya ɗaga kai ya dubi abin da ya yi masa inuwa, to ɗan mutane ne, ko da ɓarawo ne a ofis. In ya wuce kansa a miƙe, Goggo ta gama da shi.

Sojan da Ba Ya Dariya gwamna ne a zamanin mulkin soja. Ana gobe zai zo aka bi duk bishiyoyin hanya aka shafa musu farar ƙasa daga gindi zuwa ƙugu, har da tata. Goggo ta iso ta gani, ta riƙe haɓa. "Wa ya sa wa bishiyata safa?" Ta nemi bokiti da soso ta hau wankewa, jiniya tana tahowa, mai gadin nan yana roƙonta da girman Allah ta bari. Gwamna ya sauka ya tarar da bishiya ɗaya jiƙe sharkaf a cikin jerin farare. Ya dube ta, ya dubi Goggo da sosonta, ya ɗaga kai sama, ya wuce. Ta ce shi dai ba ya dariya, amma yana ɗaga kai.

Wanda ta fi so shi ne wani shahararren mawaƙi da ya zo da makaɗansa, a shekarun da babu gidan da ba a jin muryarsa a rediyo. Lokacin ɗorawa ta nuna, Goggo ta tara tsibi a gindin bishiya. Manyan malamai sun yi layi suna jiransa, sai mutumin nan ya karkace ya nufo ta, ya tsuguna da babbar rigarsa ya ce, "Inna, a san mini." Ya ɓare ɗaya ya tsotse garin, ya ɓare wata. Ya ce rabonsa da ita tun yana kiwon awakin uwarsa. Haka ya hau dandamali leɓensa da gemunsa rawaya, ba wanda ya iya gaya masa. Goggo takan ce duk waƙar da ya yi ran nan da ƙarfin ɗorawarta ya yi ta, kuma har ta mutu, in aka sa shi a rediyo sai ta ce a ƙara murya, ɗanta ne.

Yarinyar Talabijin, wata 'yar fim da ɗalibai suka kusa karya ƙofa don su gan ta, ba ta ɗaga kai ba. Amma bayan taro ta aiko direbanta a ɓoye, wai ko tsohuwar nan tana da daddawa. Goggo ta ba shi ƙulli guda ta ce ya gaya mata ta daina ɓoye abin da ya raine ta. Akwai kuma ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a ɗalibai suka yi masa ruwan ledojin ruwa, ya laɓe a bayan ɗorawar har 'yan sanda suka janye shi. Wannan a gabana aka yi. Goggo tana zaune ko gezau, ta ce masa, "Alhaji, matsa kaɗan, kana taka mini kaya."

Ba zan ce Goggo mai sauƙin hali ba ce. A babur ba ta yin shiru. In na yi sauri ta ce kashe ta zan yi in gaji bishiya, in na tafi a hankali ta ce da jaki ta hau da tuni ta isa. Gorar da take kakkaɓo ɗorawa da ita, mai ƙugiya a kai, a kafaɗarta take saɓawa, ta sha kwashe wa mutane huluna a hanya ni ne mai ba da haƙuri. Amma tana da wata doka da ba ta taɓa karyawa ba: rassan ƙasa na yara ne. Yara kuwa ɗalibai take nufi, har da masu gemu. Ta san akwai waɗanda abincinsu ke ƙarewa kafin hutu, ta san kunya ba za ta bar su su roƙa ba. Don haka abin da hannu zai iya kaiwa ba ta taɓa shi. In ta ga ɗalibi yana tsinka, sai ta kira shi. Yaro ya taho a tsorace, ita kuwa abu ɗaya za ta gaya masa: "Sha abinka. Amma ka sani babana ne ya raine ta."

Rigimar allo ita ce babba. Wani minista ya zo, aka shirya masa dashen bishiya don tunawa da zuwansa. Aka haƙa ɗan rami kusa da ɗorawar Goggo, ya sa wani ɗan tsiro, aka tafa, aka kafa allon ƙarfe mai ɗauke da sunansa. Tsiron bai ga damina ba, inuwar ɗorawa ta hana shi sakat, ya bushe. Masu share wuri suka ga allo a tsaye babu bishiya, sai suka matsar da shi suka jingina a gindin babbar. Tun daga nan sababbin ɗalibai suka riƙa tsayawa suna ɗaukar hoto, suna mamakin albarkar hannun minista.

Wata ɗaliba ce ta karanta wa Goggo abin da ke jiki. Ban taɓa ganin ranta ya ɓaci kamar ran nan ba. "Shi ya dasa? Wannan da aka riƙe masa shebur? Ko uwarsa ba a haifa ba lokacin da babana ke kewaye ta da ƙaya!" Ta tumɓuke allon ta jefa a kwata. Mai gadi ya ɗauko ya mayar. Ta sake zuwa ta sake jefarwa. A karo na gaba maganar ta kai sama, aka ce kada a ƙara barin tsohuwar nan ta shiga. Mai gadin da kansa ya tare mu a ƙofa, idonsa a ƙasa.

"Hajiya, aikina ne."

"Aikinka ƙarya ce? Kai ma ka san wanda ya raine ta."

"Na sani. Amma ina da iyali."

Shekarar nan ɗorawa ta nuna ta zube, Goggo tana gida. Ta sayi kalwa a kasuwa ta yi daddawa, ta ɗanɗana ta ce a ba wa wanda yake so. A lokacin ne suka yi faɗa da Baba, faɗan da ya fi kowanne tsawo. Baba tun da aka tashe mu bai sake taka filin nan ba, ko hanyar ba ya son bi. Ya ce mata, "Yaya, ki haƙura mana. An karɓi gona, an karɓi gari, an karɓi inda aka binne cibiyarmu. Bishiya ɗaya me za ta mayar mana?" Ta ce, "Kai da ka karɓa ka sa a aljihu kai ne za ka haƙura. Ni ban karɓi komai ba, da me zan haƙura?" Maganar ta soki Baba. Suka yi wata da watanni sai dai gaisuwa.

Mai gadin ne ya warware abin. Wata safiya ya zo har gida a kan kekensa yana haki, ya ce an ba da kwangilar faɗaɗa hanya saboda wani babban taro da shugabanni za su zo, ana ta sare bishiyoyi, an kusa kaiwa ga tata. Goggo ko takalmi ba ta tsaya nema ba. Ya shigar da mu ta wata ƙaramar ƙofa, ya ce in an kore shi an kore shi. Muka tarar an kwantar da darbejiya da mangwaro jere, mai injin yanka yana tsaye a gaban ɗorawa. Ɗan kwangila ya zagaya ta, sai ya ga allo. Ya sunkuya ya karanta, ya miƙe da sauri.

"Kai, tsaya! Wannan minista ne ya dasa. Ka so ka ja mini masifa? A karkata hanyar."

Na dubi Goggo. Na san maganar tana bakinta. Ba ta ce uffan ba. Har yau in ka je za ka ga titin ya yi ɗan lanƙwasa a daidai wurin. Da ma'aikata suka matsa gaba, ta sunkuya ta gyara wa allon zama, ta goge shi da bakin mayafinta, ta sa na nemo waya na ɗaure shi da kyau. Ta ce, "Ya riƙe suna, ni in riƙe kalwa." Mai gadi ya yi dariya, ni ma na yi.

A hanyar komawa gida ba ta ce na yi sauri ba, ba ta ce na yi nawa ba. Sai da muka kusa gari na ji ta ce a bayana, a hankali, "Yau na ɓoye ubana a bayan sunan wani." Na ji ɗumin hawayenta ta cikin rigata. Ban juya ba, don na san ba za ta yafe mini ba in na gani. Wannan magana ta yi mini ciwo, kuma har yanzu tana yi.

Bayan haka aka manta da dokar hana ta shiga, ta ci gaba da zuwa. Ba ta sake taɓa allon ba sai don ta goge shi. Abin da ya ƙaru shi ne ta daina jiran ɗalibi ya tsinka kafin ta kira shi. Duk wanda ya zauna a inuwar sai ya ji labarin kakana da ƙayarsa, ko yana so ko ba ya so.

Zuwanta na ƙarshe ba ta kai ga bishiyar ba. Ƙafa ta riga ta yi nauyi, amma ta matsa sai na kai ta. Muka tarar wani babban ɗan siyasa zai zo, 'yan sanda sun rufe ko'ina, mai gadinmu ya yi ritaya, babu fuskar da muka sani. Ta tsaya a bakin titi ta riƙe kafaɗata tana hango kan ɗorawar ta saman katanga. Ta daɗe. Sannan ta ce, "Tana nan. Mu tafi."

Don haka tambayar tsohon nan a zaure ba ta rashin ta-ido ba ce. Ba mu da takarda. Fuskar Goggo ce takardarmu, kuma mun binne ta.

Bayan sadakar arba'in ɗorawa ta nuna. Na ɗauko gorarta daga bayan ɗakinta, na ɗaura buhu a babur. Ina shirin tayarwa sai ga Baba ya fito da hularsa ta Juma'a. Ya karɓi gorar ya saɓa, ya hau inda take zama.

A ƙofar jami'a muka tarar da samari masu kayan wani kamfanin tsaro. Ɗaya ya ɗaga mana hannu, ya dubi gora, ya dubi buhu.

"Baba, ina zuwa da wannan sanda?"

Na fara bayani, na ce akwai wata bishiya kusa da babban ɗakin taro, inda titi ya lanƙwasa, asali ta gidanmu ce. Ina magana ina jin yadda abin yake fita kamar tatsuniya. Yaron ya fara girgiza kai. Sai wani mai adaidaita da ke lodin ɗalibai a gefe ya leƙo ya ɗaga murya yana kiran fasinja: "Ɗakin karatu, masallaci, Ɗorawar Goggo! Saura mutum ɗaya, Ɗorawar Goggo!"

Na juya na dube shi. Shekarun nan duka a babur ɗina muke shiga, ban taɓa jin abin da masu haya ke kiran wurin ba. Ita ma ba na jin ta taɓa ji.

Na nuna mai adaidaitar na ce, "Can za mu."

"To ai sai ka ce Ɗorawar Goggo za ku," in ji yaron. Ya sake duban gorar. "Wai da gaske akwai Goggon? Na ɗauka suna ne kawai."

Baba ne ya amsa daga bayana. "Akwai ta, yaro. Yayata ce. Ba mu daɗe da yin arba'in ɗinta ba."

Yaron ya sauke hannunsa. Ya ce, "Allah ya jiƙanta, Baba. Allah ya sa ta huta." Ya je da kansa ya ɗaga mana ƙarfen ƙofa.

Allon yana nan ɗaure da wayata, tsatsa ta cinye shi, ko harafi ɗaya ba ya karantuwa. Baba ya sauka ya tsaya yana waige-waige, yana neman inda rumbu yake da inda rijiya take, bai gane komai ba sai bishiyar. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallonta. Na karɓi gora na shiga kakkaɓar na sama, na bar rassan ƙasa yadda suke.

Wata ɗaliba da ke zaune a inuwar da littafinta ta ɗauki ɗaya da ta faɗo kusa da ita, ta ce, "Baba, in sha?"

Baba ya dafa gindin bishiyar da tafin hannunsa. Ya ce, "Sha abinki, 'yata. Amma ki sani babanmu ne ya raine ta." Ya shafa jikin bishiyar. Sannan ya ce, "Yayata kuma ta ƙi sayarwa."

Allah ya gafarta wa Goggo, ya yalwata mata kabarinta, ya ba ta inuwa a ranar da babu wata inuwa sai tasa, kamar yadda ta bar wa 'ya'yan mutane tata. Buhunmu ya cika ran nan. Da muka isa gida Baba bai mayar da gorar bayan ɗakinta ba, ya shiga da ita nasa ɗakin.